Kafin Mu Tare Ruwa, Mu Zauna Mu Raba Shi

Jawabin sashen raya karkara a taron wakilan ikilisiyoyi kafin faɗuwar damina

Mun san waɗansu sun bar sharar gona suka zo, saboda haka ba za mu ja magana ba.

Kowa ya san rufin kwano da indararo. Duk ruwan da ya sauka a kan rufi, wuri ɗaya yake bi ya zuba. Haka ƙasa take. Tudun da ke bayan gari, gonakin gangare, fadama da rafi, duk rufi ɗaya ne, indararonsa kuwa shi ne rafin. Wannan ne ma'aikata suke kira yankin magudanar ruwa. Mutumin da ya sare itatuwa a kan tudu bai taɓa gonar mai fadama da hannunsa ba, amma yashin da zai binne shinkafar mai fadama daga wurinsa zai fito. Shi ya sa gyaran kwazazzabo ba aikin gida ɗaya ba ne.

Za mu fara da kuskurenmu. Shekarun baya mun taimaki wani ƙauye, ba sai mun faɗi sunansa ba, aka jera duwatsu a gangare, aka dasa itatuwa, aka yi ɗan ƙaramin dam. Kafin damina ta biyu awaki sun cinye dashen. Muka yi fushi, muka ce mutane ba su da godiya. Daga baya wata gwauruwa ta faɗa mana gaskiya. Ta ce, “'Ya'yana, tudun da kuka hana shi ne inda nake itace da kiwo. Ruwan da kuka tare kuwa lambun masu fadama yake shiga. Ni me na samu?” Ba mu da amsa. Mun yi taro da masu gona a bakin rafi, ba mu kira waɗanda za su yi asara ba.

Ashe ba mu ne muka fara yin wannan tuntuɓe ba. A arewacin Indiya akwai birnin Chandigarh, inda aka yi tafkin Sukhna a 1958. Kafin shekara 20 laka ta cika fiye da rabinsa. Da masanan ƙasa suka bi sawun lakar, sai suka iske yawancinta daga tuddan da ke kewaye da wani ɗan ƙauye take fitowa, sunansa Sukhomajri, a jihar Haryana. Mutanen ƙauyen talakawa ne masu kiwo, awakinsu sun kwashe ciyawar tudu har ƙasa ta zama tsirara. Shugaban masanan, P. R. Mishra, ya fara da abin da kowane ma'aikaci yake farawa da shi: dashe, shinge, da roƙon mutane su daina kiwo. Ba a saurare shi ba. Me zai sa makiyayi ya bar akuyarsa da yunwa domin mutanen birni su sami tafkin shan iska?

Magana ta canza lokacin da aka gina ƙananan madatsun ƙasa daga 1976 zuwa gaba, mutane suka ga ruwa ya kwanta a kusa da gonakinsu. A 1979 an yi fari mai tsanani a Indiya, amma gonakin da suka sami wannan ruwa sun tsira. Nan suka gane cewa idan tudu ya ci gaba da zubewa, nasu dam ɗin ne zai fara cika da laka. Duk da haka rigima ba ta ƙare ba, domin da farko ruwan waɗansu gonaki kawai yake kaiwa. Waɗanda bai kai wurinsu ba suka ci gaba da kora awaki tudu, kuma wa zai ga laifinsu?

Ga abin da muke so ku riƙe. Suka kafa ƙungiyar gari, suka yi doka cewa kowane gida yana da rabo ɗaya na ruwa, ko mai gona babba ne, ko ƙarama, ko ma ba shi da gona sam. Wanda ba shi da gona yana iya sayar da rabonsa, ko ya shiga noma da mai gona a raba amfani. Sharaɗin shi ne, kowa ya ɗaure dabbarsa a gida, ya yanko mata ciyawa. Ba waya ce ta tsare tudun ba, ba kuma mai gadi ba, idon maƙwabci ne, tun da akuyar kowa ta shiga, ruwan kowa ne zai ragu. Ciyawa ta dawo, itatuwa suka tashi. Mutane suka rage awaki suka koma kiwon ɓaunar gida, irin wadda ake tatsa a can, suna sayar da madara. Har ciyawar da ake igiya da takarda da ita ta zama kuɗin shiga ga ƙungiyar.

Kada mu yi muku zaƙin baki. Daga baya an sami saɓani da ƙauyen da ke maƙwabtaka da su a kan rabon daji, an kuma yi ta ja da hukumar gandun daji a kan kason kuɗin ciyawa. Masu hali suka haƙa rijiyoyin burtsatse na kansu, wanda kuwa ya sami ruwansa shi kaɗai, ba ya damuwa da taron gari kamar dā. A ganinmu wannan ne haɗari mafi girma, ya fi ambaliya.

Me ya sa muka kawo wannan labari yanzu? A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, na gyaran ƙasa da magudanan ruwa a jihohin arewa 19 da Abuja. Ko su ne, ko mu ne, ko wata ƙungiya, wata rana mota za ta tsaya a ƙofar mai unguwa a ce an kawo aiki. Siminti da injin haƙa ba su da wuyar samu idan kuɗi ya zo. Abin da baƙo ba zai iya kawo muku ba shi ne yarjejeniya tsakaninku.

Saboda haka kafin a ɗaga dutse ɗaya, ku fita ku taka ƙasar tare, daga kan tudu har bakin rafi, da maza da mata. A tambayi tsofaffi inda ruwa yake bi a dā, da inda idon ruwa ya ƙafe. A kira makiyayan da ke shayar da shanu a rafin, a kira maƙwabtanmu Musulmi da mutanen ƙauyen sama, domin ruwa bai san iyakar unguwa ba. Idan za a hana kiwo a wani wuri, a fara nuna burtali da mashaya. Idan za a hana saran itace, mata su faɗi inda za su samo na girki, da bakinsu, ba miji ya faɗa a madadinsu ba. Ranar gayya a rubuta sunan duk wanda ya ɗauki dutse, domin sau da yawa mata da matasa ne suke ɗauka, ranar raba lambu kuma sai a ga waɗansu sunaye dabam.

Batun mai filin da ruwa zai kwanta a kansa ma a gama shi tun da wuri, a rubuce, a gaban dagaci da shaidu. Mun ga aikin da ya tsaya saboda 'ya'yan mai fili sun dawo daga birni suka ce ba da saninsu aka yi ba.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta turo mutum huɗu zuwa zama na gaba, biyu maza biyu mata, ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ba shi da gona a fadama. Ku zo da zanen garinku, ko a bayan kwali ne, a nuna tudu, kwazazzabai, rijiyoyi da hanyar shanu.