Yoyon Fitsari Yana Da Magani



A shekarun da na yi ina shugabantar makaranta, na ga ɗalibaina mata da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, miji ya sake su, ƙawaye suka ƙaurace musu. Jama'a, wannan lalura ba aikin iskoki ba ce. Kan jariri ne ke danne mafitsara har ta huje, yankan gishiri ma yakan jawo ta.

A shekarun 1980 Dakta Kees Waaldijk ya duƙufa a Babbar Ruga ta Katsina yana ɗinke hujin ta gaba, ba tare da tsaga ciki ba. In an kai mace da wuri, wani lokaci robar fitsari ta 'yan makonni takan wadatar. Ana yin aikin a Asibitin Murtala da ke Kano, da kuma Jahun, inda likitocin MSF suka fara a 2008.

Roƙona uku ne. Naƙuda ta kai yini, a garzaya asibiti. Ƙungiya ta ware kuɗin motar kai masu haihuwa. Magidanta kuwa, mu riƙe matanmu har su warke.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa, amin.