Hafsikod a Faifan Zamaninmu: Inda Scarlatti da Ligeti Suka Haɗu

 

A shekarar 2018 wani matashin makaɗi ɗan Faransa, Justin Taylor, ya fitar da faifai mai suna Continuum. A ciki ya jera kiɗe-kiɗen Domenico Scarlatti, wanda ya rasu a Madrid a 1757, kafaɗa da kafaɗa da na György Ligeti, ɗan Hangari, wanda ya tsara nasa daga 1968 zuwa 1978. Fiye da shekara 200 ce tsakaninsu, amma kayan kiɗa ɗaya ya ɗauke su, wato hafsikod. Abin da nake so mu duba yau shi ne dalilin da ya sa wannan haɗin ya zauna daidai, da kuma dalilin da ya sa nake ganin irin waɗannan faifai su ne alheri mafi girma da ya samu wannan kayan kiɗa a zamaninmu.

Yadda yake fitar da sauti

Wanda ya hango hafsikod daga nesa zai ce fiyano ne. Bambancin yana ciki. Fiyano dukan tsirkiya yake yi da 'yar guduma. Shi kuwa hafsikod tsinkarta yake yi, kamar yadda mai kuntigi yake yi wa tasa. Idan ka danna madanni, wani siririn katako yakan tashi, a jikinsa akwai ɗan tsinke, a dā na gashin fiffiken tsuntsu, yanzu galibi na roba, sai ya ja tsirkiyar ya wuce. Ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, ƙarar kusan ɗaya ce, kuma nan da nan take dusashewa.

Wannan ita ce kasawarsa, kuma a cikinta duk fasaharsa take. Makaɗin da aka hana shi ɗaga sauti da sauke shi, lokaci kaɗai ya rage a hannunsa: yaushe zai taɓa, yaushe zai saki, nawa zai jinkirta, wane sauti zai bari ya shiga cikin na gaba. François Couperin, makaɗin fadar sarkin Faransa, ya rubuta littafi guda a 1716 a kan yadda ake taɓa wannan kayan kiɗa, kuma ya tsaya sosai a kan wannan jinkiri da ɗan tsaikon da ke sa wa sauti rai.

Mutuwa da farfaɗowa

Zamanin Barok, daga wajen 1600 zuwa 1750, shi ne lokacin da hafsikod ya ci kasuwarsa. Gidan Ruckers na birnin Antwerp sun shahara da ƙera shi. Scarlatti ya bar kiɗe-kiɗen hafsikod 555. Johann Sebastian Bach ya buga kundin da ake kira Goldberg a 1741, sauye-sauye 30 a kan tushe ɗaya, domin hafsikod mai jerin madannai biyu. Amma tun wajen 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro fiyano a Florence, kuma kafin ƙarni na 18 ya ƙare sabon ya ture tsohon. Sama da shekara ɗari hafsikod yana jingine a ɗakunan ajiya.

Wanda Landowska, 'yar Folan, ita ta dawo da shi dandali. Kamfanin Pleyel na Paris ya ƙera mata wani babba a 1912, kuma a 1933 ta naɗi Goldberg a faifai, karo na farko da aka yi hakan da hafsikod. Ku lura da abu ɗaya: ba ta tsaya ga kiɗan magabata ba. Ta sa Manuel de Falla da Francis Poulenc sun rubuta mata sababbi. Tun ranar farko ke nan, farfaɗowar da ƙafa biyu ta tashi.

Daga baya hanyar ta rabu. Wasu, irin su Frank Hubbard da William Dowd da suka buɗe ma'aikatarsu a Boston a 1949, suka koma auna tsofaffin kayan suna kwaikwayon ƙirarsu, makaɗa irin su Gustav Leonhardt na Amsterdam kuma suka koma ga tsofaffin littattafai. Wasu kuwa, musamman Elisabeth Chojnacka, suka duƙufa ga sabon kiɗa: Iannis Xenakis ya rubuta mata a 1976, Henryk Górecki a 1980. Masu sauraron waɗannan ba safai suke zuwa zaman waɗancan ba.

Abin da sababbin faifai suka yi

Matasan yau ne suka sake ɗinke ɓarakar. Mahan Esfahani, haifaffen Tehran a 1984, almajirin Zuzana Růžičková ta Prague, ya fitar da Time Present and Time Past a 2015. Ya haɗa Bach da Górecki, ya kuma ɗauko Piano Phase na Steve Reich, wanda aka tsara a 1967 domin fiyano biyu, ya kaɗa ɓangarorin biyu shi kaɗai, aka ɗora ɗaya a kan ɗaya a ɗakin naɗi. A wannan kiɗa 'yar gajeriyar jimla ce ake maimaitawa, ɗaya makaɗin yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya zame wa ɗan'uwansa. Da yake kowane sautin hafsikod yana da kaifin baki, kunne yana jin zamewar ƙarara. A 2020 kuma Esfahani ya fitar da Musique?, wanda duk kiɗan ƙarni na 20 da na 21 ne, har da na Toru Takemitsu da Kaija Saariaho.

Mu koma ga faifan Taylor. Continuum na Ligeti, kiɗan da faifan ya ɗauki sunansa, kimanin minti huɗu ne, yatsu suna gudu har sautukan da ke rarrabe su narke su zama kamar zare ɗaya. Scarlatti ma yakan kama sauti guda ya yi ta nanata shi, ya cusa sautukan da ke karo da juna, abin da masana da yawa suke dangantawa da kiɗan gita na Sifaniya. Duk su biyun tambaya ɗaya suke amsawa: yaya za a tsawaita ran sautin da yake mutuwa da zarar an haife shi? Wanda ya ji Ligeti sannan ya koma ga Scarlatti zai daina jin sa a matsayin kiɗan ado na 'yan fada, zai ji mutum mai ƙarfin hali yana gwaji.

Ko faifan da tsohon kiɗa ne zalla sun amfana da wannan 'yanci. Goldberg ɗin da Jean Rondeau ya fitar a 2022 ya haura awa ɗaya da rabi, domin ya kiyaye maimaici ya kuma bar wa shiru wurinsa. Na Glenn Gould da fiyano a 1955 bai kai minti 40 ba. Rubutu ɗaya ne, amma kowa da numfashinsa. Benjamin Alard kuwa tun 2018 yake fitar da dukkan kiɗan madannai na Bach kashi-kashi, yana bin rayuwar mai shi daga ƙuruciya.

Nahiyarmu ta Afirka ma tana da hannu a wannan labari. Reich ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan ganga. Kevin Volans, haifaffen Afirka ta Kudu, ya tsara White Man Sleeps a 1982 da hafsikod biyu a cikin kayan kiɗansa, aka sauya musu saiti domin su dace da kiɗe-kiɗen kudancin Afirka da ya ɗebo daga gare su.

Abin da ke damuna

Abu biyu nake jin tsoro. Na farko, hafsikod ba mai ƙara ba ne, kiɗan ɗaki ne. Idan aka kusantar da makirfo sosai, mai sauraro kuma ya ƙure murya, sai ƙarar katako da ƙarfe ta rufe daɗin, mutum ya gaji cikin minti biyar ya ce kayan ne ba su da daɗi. Na biyu, manhajojin sauraro a waya sukan yayyanka faifai su watsa shi cikin jerin kiɗan karatu ko na barci. Alhali a waɗannan faifai jerin shi ne hujjar. Makaɗin ya yi tunani kafin ya ajiye wannan bayan wancan, kuma wanda ya tsinci guda ɗaya ya rasa zancen.

Saboda haka roƙona gare ku, musamman ɗalibai, ku zaɓi faifai ɗaya cikin waɗanda na ambata, ku sassauta murya, ku saurare shi daga farko har ƙarshe yadda aka jera shi. Masu koyar da kiɗa kuma kada su raba wa ɗalibansu darasin Barok da na kiɗan zamani kamar ba su san juna ba. Kayan kiɗan da ake adanawa kawai ba a rubuta masa sabon abu, ya zama kayan tarihi. Wanda kuma ake yi wa sabon abu ba a san asalinsa ba, ba a daɗe ana jin sa. Hafsikod ya tsira ne domin ya samu masu yi masa duka biyun, kuma yau mutum ɗaya yana yin su a faifai ɗaya.