Azabtar da Fursunonin Yaƙi: Abin da Ya Faru a Aljeriya



Tambayar da aka ɗora mini a yau ita ce: idan soja ya kama abokin gaba, yana kuma zaton akwai asiri a cikinsa, ko ya halatta ya gana masa azaba har ya amayar da shi? Masu cewa ya halatta hujjarsu guda ce, ba kuwa ta rainawa ba ce. Sukan ce, a ƙaddara an dasa bam a tsakiyar kasuwa, ga wanda ya dasa a hannu, lokaci kuma yana ƙurewa. Shin wahalar mutum ɗaya ce ta fi nauyi ko rayukan ɗaruruwa? Ba zan amsa da wani misali na ƙage ba. Zan kai ku Aljeriya, inda aka gwada wannan hujja a jikin mutane.

A watan Janairu na 1957, bayan bama-baman 'yan gwagwarmayar FLN sun yi ta hallaka farar hula a birnin Aljiyas, hukumar mulkin mallaka ta Faransa ta danƙa wa Janar Jacques Massu da sojojinsa na laima ikon 'yan sanda. Suka shiga kame dare da rana, suna jona wa mutane wutar lantarki, suna ɗura musu ruwa har numfashi ya kusa yankewa. Gaskiya ɗaya ce, kafin shekarar ta ƙare sun wargaza ƙungiyar a cikin birnin. Wanda ya ɓoye wannan bai yi wa mahawara adalci ba.

To amma a dubi yadda abin ya gudana. A cikin misalin nan an san mai bam, shi kaɗai ne. A zahiri kuwa soja bai san wanda ya sani ba, don haka sai ya kama maƙwabci, da ɗan'uwa, da mai shagon bakin titi. Wanda ba shi da abin faɗa shi ne ya fi shan wuya, gama ba shi da gaskiyar da zai fanshi kansa da ita, sai ya ambaci sunan duk wanda ya faɗo masa a rai, a je a kamo wannan kuma. Paul Teitgen, babban sakatare mai kula da 'yan sanda a Aljiyas, ya ƙirga mutum 3,024 da suka ɓace bayan an tsare su. Shi kansa 'yan Nazi sun taɓa azabtar da shi, ya kuma ga irin tabon a jikin fursunonin ƙasarsa, sai ya ajiye aiki a 1957. A wannan shekara Janar Jacques de Bollardière ya fito fili ya ƙi wannan hanya, aka tsare shi kwana 60.

Doka fa ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar Janiba ta uku, ta 1949, ta ce abin da ya wajaba fursunan yaƙi ya faɗa shi ne sunansa, da muƙaminsa, da ranar haihuwarsa, da lambarsa ta soja. Ba a tilasta masa faɗin kome da azaba. Dabarar masu son kauce wa doka ita ce sauya suna. Faransa ta ce ai ba yaƙi take yi ba, tarzoma take kwantarwa, ba ta kuwa kira shi yaƙi a hukumance ba sai 1999. Amurka ma bayan 2001 ta ƙirƙiro wa waɗanda ta kama wani laƙabi dabam. Daga cikinsu akwai Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka miƙa ga Masar, ya ce a ƙarƙashin matsi Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Da wannan magana aka kafa hujja a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003, daga baya kuma ya janye ta. Saboda irin wannan wayon ne yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ta ce babu uzuri, ko yaƙi ne ko dokar ta-ɓaci, ko umurnin na gaba.

A ganina, ko da azaba tana fito da gaskiya wani lokaci, ba za ta halatta ba. Wanda ya ajiye makami ya zama amana a hannun wanda ya kama shi, kuma soja da ya ci wannan amana ya koya wa abokin gaba yadda zai yi da 'yan'uwansa ranar da suka faɗa hannu.

Aljeriya ta sami 'yanci a 1962. A shekarar 2000, Massu, yana tsoho tukuf, ya shaida wa jaridar Le Monde cewa da an iya yin yaƙin ba tare da azabtarwa ba. Larbi Ben M'hidi kuwa, jagoran FLN da aka ce ya kashe kansa a tsare a 1957, sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa sojojin ƙasarsa ne suka kashe shi.

Nan zan dakata.