Uwar da Aka Ɗauke wa Ɗa

Zancen yau na macen da miji ya sake ta ne, kāna ya ɗauke mata ɗa ba da hukuncin alƙali ba. Ba baƙon abu ba ne a ƙofar Yandaka a Dutsin-Ma, ko a ƙofar Maradi a Kurfi. Ana gama yaye sai uba ya aiko a ɗauki yaro, wai zai gai da kakarsa, daga nan ba a ƙara ganinsa. Wani a miƙa shi ga kishiyar uwa, wani a haɗa shi da malami zuwa Kano da allo.

Uwar nan za ta tashi da ƙafa, ta je wa mai unguwa, ya tura ta wurin dagaci, dagaci ya ce ta komo ran kasuwa. Ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin mota. Danginta su ce ta yi haƙuri, ɗa na uba ne. Mutanen gari su ce ta cika taurin kai. Duk da haka gobe da sassafe tana nan a bakin zaure. Da namiji ne ya jure haka a kan gonarsa, da jarumi za a kira shi.

Tana kuwa da abin koyi. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, suna da ɗa, Asim. Wata rana ya iske yaron yana wasa a harabar masallacin Ƙuba, ya ɗora shi bisa abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta ƙi saki, har suka isa gaban Halifa Abubakar. Halifa ya hukunta a bar mata yaro, Umar bai ƙara cewa kome ba. Ku duba, Umar ne fa, wanda sadaukai ke shakka, tsohuwa ta tsaya masa. Asim ɗin nan kuwa shi ne kakan Halifa Umar ɗan Abdul'aziz.

Haka dokar take a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Jihar Katsina ke bi. Riƙon ɗa, watau halana, na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwa ta auri bare, riƙo ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. Ci da tufafi kuwa suna wuyan uba. An ba uba damar tafiya da ɗa in zai ƙaura ke nan zuwa wuri mai nisan baridi 6, wajen mil 72. Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma bai kai ko rabin haka ba.

In an ƙetare da yaro iyaka, sha'ani ya yi wuya, gama Nijeriya ba ta shiga yarjejeniyar Hague ta 1980 ba, wadda ta tanadi mai da irin waɗannan yara. Saboda haka jinkiri ɓarna ne.

Malamin hakimi ya rubuta ƙararta ran da ta zo: sunan yaro, shekarunsa, ranar da aka ɗauke shi, da garin da ake zato. A aika wa dagacin garin uban takarda, ita kuwa a haɗa ta da ɗan rakiya zuwa gaban alƙali.