Jaririn da Ya Zo Saura Makonni Kaɗan

 

Ɗan wata bakwai kowa na tausayinsa, ana lallaɓa shi. Wanda ya kawo ni yau shi ne jaririn da ya zo saura mako uku zuwa shida, wato daga mako na 34 zuwa na 36. Ya faɗo ya tsala kuka, jikinsa ba laifi, aka yanka ragon suna, shi ke nan aka manta ya yi sammakon zuwa. Alhali a asibiti duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne, kuma a cikinsu 'yan mako na 34 zuwa na 36 ne suka fi yawa.

A mako na 34, nauyin ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na wadda zai zo da ita a mako na 40. Sauran ginin sai ya ƙarasa a waje. Shi ya sa wasunsu ke jinkirin zama, ko tafiya, ko magana, wani ma sai ya shiga firamare a ga karatu na ba shi wuya. Kada hankalinku ya tashi, yawancinsu lafiya lau suke tashi. Kulawar makonnin farko ce ke da muhimmanci.

Irin wannan yaro barci ke ɗauke shi yana kan nono. Kada kaka ta ce yaron kirki ne, ba ya rigima. A tashe shi ya sha duk bayan awa biyu zuwa uku, nono zalla, ba ruwa ba jiƙo. Sanyi na saurin kama shi, don haka uwa ta ɗora shi a ƙirji, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare.

Sai shawara, wadda na fi tsoro. Ɗakin mai jego da duhu, ba a ganin shawarar. Kullum da safe a fito da shi bakin ƙofa, a danna goshinsa da yatsa a saki, a duba farin idonsa. Idan an ga ruwan ɗorawa, ranar za a tafi asibiti, akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa jarirai a ƙarƙashinta. Shanya shi a rana ba magani ba ne. Shawarar da ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi. A kuma fitar da kafur daga akwatin kayansa, yana tayar wa wasu jarirai da shawara.

Wajen lissafin girmansa, ku riƙa cire masa makonnin da ya rage har ya shekara biyu. Ɗan wata shida da ya zo saura mako shida, a auna shi da ɗan wata huɗu da rabi, ba da ɗan kishiya ba. Rigakafi dai da ranar haihuwarsa ake bi.

Bayan wannan lissafin, idan wata huɗu wuya bai tsaya ba, wata tara bai zauna ba, shekara ɗaya da rabi ba tafiya ba kalma, ko a tafa bayansa bai waiwaya ba, kada a ce nauyin ƙafa ne ko maita. Akwai gwajin ji, akwai gashin ƙashi, kuma sun fi amfani idan an fara da wuri.

Magidanta, izini da kuɗin mota a hannunku suke. Don Allah idan uwar ta ce za ta kai yaron awo, a bar ta ta je, a kuma rubuta a katinsa makon da aka haife shi.