Jawabi Kan Tsawon Lokacin Da Kuɗi Ke Yi A Hanya Tsakanin Banki Da Banki



An nemi in yi bayani kan kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar da bashin katin banki daga wani kati zuwa wani. Wannan al'ada ce ta Amurka da Ingila, inda mutum ke sayayya da katin bashi, idan kuɗin ruwa ya yi masa nauyi sai ya kwashe bashin ya kai wani bankin mai sauƙin ruwa. Yakan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci har mako uku, kuma tsohon bankin na ci gaba da lissafa masa ruwa har ranar da aka kammala. Mu nan katinmu na cirar kuɗinmu ne. Abin da ya dame mu shi ne kuɗin da ya bar asusunka bai isa inda ka tura shi ba.

Kowa ya ga irin wannan a kasuwar Beji, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Mutum ya sayi buhunan masara, an zare masa kuɗi, mai kaya ya ce bai ga alat ba, direba kuma na jira da mota. Ka je banki a Minna a ce maka ka yi haƙuri. To, 'yan uwa, wannan haƙurin yana da wa'adi a rubuce.

A watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya, wato CBN, ya rage wa'adin mayar da kuɗi. Idan na'urar ATM ta bankinka ce ta zare kuɗi ba ta ba ka ba, a mayar nan take, in kuwa sai ma'aikaci ya sa hannu, kada ya wuce awa 24. Idan ta wani bankin ce, awa 48. Na POS kuwa awa 72. Tun a 2018 ma CBN ya sa tarar naira 10,000 a kan bankin da tiransifa ta faɗi bai mayar wa mai ita kuɗinsa cikin awa 24 ba.

A ganina inda muke asara shi ne rasit. Mai POS ya miƙo ɗan guntun takarda, mu yar. Ku adana ta, ku kuma ɗauki hotonta da waya, domin rubutunta kan goge. A banki kada ku tsaya ga magana da baki: ku rubuta ƙorafi, da rana da adadin kuɗi, ku karɓi lambar ƙorafin. Idan an yi mako biyu shiru, sai ku kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN, wanda ke da reshe a Minna. Ba a tambayar takardar shaidar asalin jiha a wannan, mai asusu kawai ake nema.

Iyayenmu mata masu saye da sayarwa, wadda rubutu ke yi wa wuya ta zo da rasit ɗinta bayan taro mu rubuta tare.