Koya wa Na'ura Ilimin Garke: Daga Ina Ake Farawa?

Ya ku makiyaya da fatake, na Kete Krachi da Salaga da Yendi da Bawku, har da 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Togo da Burkina. Yau zancenmu a kan wata irin manhajar kwamfuta ce wadda ake zuba wa ilimi, ita kuma ta auna ta fitar da hukunci.

Rubuta ilimi don kada ya bi mai shi kabari ba baƙon abu ba ne a nan. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya dawo Kete bayan yaƙin basasar 1892, ya rubuta sana'o'in Hausawa da al'adunsu da ajami kafin rasuwarsa a 1934. Ruwan Volta ya cinye tsohon garin, rubutunsa kuwa yana nan. To sai dai takarda ba ta amsa tambaya. Manhajar nan tana amsawa.

Abu uku ne cikinta. Na farko bayanai: saniyar nan ta rame, ta yi kiwo a bakin kogin Oti, akwai tsando a wurin. Na biyu ƙa'idoji, wato "idan kaza, to kaza". Na uku injin da ke haɗa bayani da ƙa'ida ya ciro abin da ba a faɗa masa kai tsaye ba. Misali ka rubuta: idan saniya tana ramewa, kaluluwarta ta kumbura, cikin idonta ya yi fari, kuma ta yi kiwo inda tsando yake, to a zargi sammore. Ran da yaronka ya shigar da alamomin wata saniya, na'ura za ta bi sawu ta kai ga sammore, ko da kai kana kasuwar Yendi.

Dabarar ta daɗe. A 1972 aka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Prolog a birnin Marsai na Faransa. A shekarun 1970 kuma Jami'ar Stanford ta Amurka ta gina MYCIN, mai ɗaruruwan ƙa'idoji na gane cututtukan jini. Yau akwai SWI-Prolog, kyauta ake sauke ta daga intanet, ɗalibin sakandare mai kwamfuta zai iya koyonta.

To yaya za ku fara?

Ku fara da littafi da biro, kwamfuta daga baya. Ku zaɓi tambaya guda tak, kamar "wace dabba ce ba za a feɗe ba?" Wanda ya ce zai zuba duk ilimin kiwo rana ɗaya, zai gaji bai kai ko'ina ba.

Sai ku daidaita sunaye. Cuta ɗaya tana da suna a Hausa, wani a Fulatanci, wani a Dagbanci, wani a bakin likitan dabbobi. Na'ura ba ta san abu ɗaya ba ne sai kun gaya mata. In ba haka ba, za ta ƙirga cuta huɗu.

Sannan ku zaunar da dattawan ruga da likitan dabbobi wuri guda. Duk ƙa'idar da dattijo ya kawo, ku tambaye shi: "Baffa, yaushe ne ba haka ba?" Rama kaɗai ba ta nuna sammore; tsutsar ciki da ciwon hanta da yunwar rani duk suna ramar da dabba. Amsar Baffa ita ma ku rubuta ta a matsayin ƙa'ida.

Daga nan ku gwada ta da dabbobin bara waɗanda kuka riga kuka san abin da ya same su. In ta yi kuskure, ku nemi ta nuna hanyar da ta bi, ku gyara ƙa'idar da ta karkace.

Amma ku saurara da kyau, ga inda haɗarin yake. Prolog tana ɗaukar duk abin da ba a gaya mata ba tamkar babu shi. Kun tuna 2023, lokacin da ciwon saifa ya ɓulla a Binduri kusa da Bawku, hukuma ta dakatar da safarar dabbobi da yanka a yankin. A ce ƙa'idarku ta ce: idan dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura, to saifa ce. Yaro ya manta bai shigar da zancen jini ba. Na'ura ba za ta ambaci saifa ba, mahauci ya sa wuƙa, cutar ta kama mutane. Don haka ku rubuta mata: duk dabbar da ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe, kada a ci, a kira likitan dabbobi, ko an ga jini ko ba a gani ba.

Ku ma fatake haka. In kun zuba mata ƙa'idojin takardun shiga da dabbobi ko kuɗin fito, ku sa wa kowace ranar da kuka ji ta da ofishin da ya faɗa. Doka tana canzawa, na'ura kuwa ba ta zuwa boda.

Aikin wannan mako: kowace ruga ta rubuta ƙa'ida 10, ta kai wa likitan dabbobi ya duba. Allah ya tsare mana dukiya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.